Yadda Haske Ke Tunkuɗa Elektiron: Jagorar Gwaji da Lissafi Mataki-Mataki

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na lise, cikin waɗanda nake yi wa darasin yamma a nan Maradi, ta tsayar da ni muna tsakiyar aiki. Ta ce, "Mushe, tun bara kuka koya mana cewa p = mv. Yau kuma kun ce haske ba shi da nauyi. To in m sifili ne, ai p ma sifili ne. Da me haske zai tura elektiron?" Na ajiye alli na ce ta maimaita da ƙarfi kowa ya ji. Tambayar nan ita ce ƙofar darasin gaba ɗaya, kuma yara da yawa suna wuce ta da hadda har su shiga ɗakin jarrabawar bak ba su taɓa buɗe ta ba. Abin yana damuna, domin hadda tana tsayawa da zarar an ɗan sauya fuskar tambaya.

Ga abin da nake so ka riƙe tun daga farko. Duk lokacin da haske ya haɗu da elektiron, lissafi biyu ake yi, kuma dole kowanne ya daidaita. Ka dubi ɗan kasuwar Maradi mai sayar da kayan da ake kawowa daga Kano ta Ɗan Isa: yana da aljihun sefa, yana da aljihun naira, da magariba kowanne sai ya cika daidai. A nan aljihu ɗaya shi ne makamashi, E. Na biyu shi ne yawan motsi, p, wanda a aji muke kira quantité de mouvement. Bambancin kawai, a wannan kasuwa babu ɗan canji. Rarar makamashi ba ta biyan gibin yawan motsi. Sannan yawan motsi yana da alƙibla kamar kibiya, makamashi kuwa lamba ce tsura. Zan rubuta lambobi da waƙafi kamar yadda muka saba a allon makaranta, wato 2,33 na nufin biyu da ɗigo talatin da uku.

Mataki na farko: ka fara gani da idonka

Kafin alƙalami, nemo carbin nan mai haske cikin duhu, irin wanda ake sayarwa a bakin masallatan Juma'a. Saka shi cikin gwangwani ka rufe ya kwana, don hasken da ya sha da rana ya gama fita. Sai ka nemo fitilu biyu: ja, kamar 'yar tocilar lesa da ke jikin maƙalin makullai, da kuma tocila mai ruwan shuɗi-shuɗi da masu canji ke duba kuɗin jabu da ita. Lesa ba abin wasa ba ce, kada ka haska ta a idon kowa, kuma ka kiyayi madubi da gilashin agogo.

Da dare, ka kashe fitila, ka ciro carbin. Ɗora jan hasken a kan ƙwaya ɗaya, ka ƙirga har sittin, ka ɗauke. Ba za ka ga komai ba, ƙwayar tana nan baƙa ƙirin kamar 'yan uwanta. Yanzu haska tocilar masu canji na daƙiƙa ɗaya tak. Carbin zai kama da kore shar, har ka iya ƙirga ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Daren da muka yi wannan gwaji an ɗauke wuta a unguwarmu, yaran suka kewaye tabarma, wani ya dinga matso da jan hasken har bakin tocilar ya taɓa ƙwayar, yana cewa wai nisa ne ya hana.

Ba nisa ba ne, ba kuma rashin ƙarfin fitila ba. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya ana kiranta foton, kuma elektiron ɗaya da foton ɗaya yake ciniki. In foton bai kai kuɗin kaya ba, ko miliyan nawa suka yi layi a bayansa, ba a sallamawa. Max Planck ne ya fara kawo batun makamashi ƙwaya-ƙwaya a 1900, Einstein ya ɗora shi a kan haske kansa a 1905, sunan foton kuwa sai a 1926 Gilbert Lewis ya raɗa shi.

Mataki na biyu: lambobin da za ka rubuta a bangon littafinka

Lambar Planck, h = 6,626 × 10⁻³⁴ J·s. Gudun haske, c = 3,00 × 10⁸ m/s. Nauyin elektiron, m = 9,11 × 10⁻³¹ kg. Elektiron-volt ɗaya, 1 eV = 1,602 × 10⁻¹⁹ J. Sai wasu biyu da ke rage wahala ƙwarai: hc = 1240 eV·nm, da mc² = 511 keV na elektiron, wato eV dubu 511.

Makamashin foton shi ne E = hc/λ, inda λ yake tsawon zangon hasken. Saboda haka in λ yana cikin nanomita, raba 1240 da shi kawai, amsa ta fito cikin eV. Jan lesa mai 650 nm yana da 1,91 eV. Koren lesa mai 532 nm yana da 2,33 eV. Tocilar masu canji, wadda yawanci take tsakanin 365 da 395 nm, tana da 3,1 zuwa 3,4 eV. Carbin yana fitar da kore na wajen 520 nm, wato kusan 2,4 eV. Ka ga dalili ke nan: foton mai 1,91 ba zai iya ɗaga elektiron zuwa matakin da zai sauko da 2,4 ba.

Mataki na uku: amsar tambayar ɗalibar

Dokar p = mv ba ita ce uwa ba, 'ya ce. Tana aiki ga abu mai nauyi wanda gudunsa bai kusanci na haske ba: kabu-kabu, amalanke, ƙwallo. Uwar ita ce wadda ta fito daga nazarin Einstein:

E² = (pc)² + (mc²)²

Sa m = 0, sai ta koma E = pc. Ashe abu marar nauyi yana da yawan motsi muddin yana ɗauke da makamashi: p = E/c. In ka maye gurbin E da hc/λ, sai ka samu p = h/λ. Iya abin ke nan. Tun kafin a san foton ma, lissafin Maxwell ya nuna cewa haske yana danna duk abin da ya faɗa wa, kuma Pyotr Lebedev a Rasha, da Nichols da Hull a Amurka, sun auna wannan danniya a wajen 1901.

Mu gwada da koren lesa. p = 6,626 × 10⁻³⁴ ÷ 532 × 10⁻⁹ = 1,25 × 10⁻²⁷ kg·m/s. Lamba ce ƙarama matuƙa, amma elektiron ma ba shi da wani nauyi. Da za a ɗora masa wannan yawan motsi duka, gudunsa zai zama p/m, wajen mita 1370 a daƙiƙa, ninki huɗu na gudun sauti a iska. Ga mutum ba komai ba ne, ga elektiron tunkuɗa ce ta gaske.

Don ka ji girman abin a jikinka, ɗauki ranar watan Afrilu da tsaka, lokacin da kowane murabba'in mita na ƙasa ke shan wajen wat 1000. Ƙarfin danniyar shi ne 1000 ÷ c, wato 3,3 × 10⁻⁶ N, wanda bai kai rubu'in nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Gona mai hekta guda cur, duk ranar da ke dukanta tana danna ta da abin da bai wuce nauyin giram 3,4 ba, ƙasa da ƙwayar sukarin shayi ɗaya. In madubi ne, lambar ta ninka biyu, domin hasken ya zo kuma ya koma, kamar ƙwallon da ta daki bango ta dawo. A sararin samaniya inda babu iska, wannan 'yar danniya tana taruwa har ta tura kumbo, kuma Japan ta nuna haka a 2010 da kumbonta IKAROS mai shimfiɗaɗɗen filafili.

Mataki na huɗu: me ya sa elektiron shi kaɗai ba ya iya haɗiye foton

A nan ne aljihu biyun suke nuna amfaninsu, kuma ina roƙon ka yi lissafin da hannunka, kada ka karanta kawai.

Ka ɗauka elektiron yana zaune shi kaɗai a fili, koren foton ya zo ya shige shi ya ɓace. Aljihun yawan motsi ya ce gudun elektiron zai zama 1370 m/s, yanzu muka lissafa. Tambayi aljihun makamashi. Foton ya kawo 2,33 eV, wato 3,73 × 10⁻¹⁹ J. Daga ½mv² = E, za ka samu v = √(2E/m), wajen 9,05 × 10⁵ m/s. Aljihu ɗaya ya ce dubu ɗaya da ɗari uku da wani abu, ɗayan ya ce dubu ɗari tara. Bambancin ya kai ninki 660. Elektiron ɗaya ba zai yi gudu biyu a lokaci guda ba, don haka wannan ciniki ba ya faɗawa. Ko ka sauya launin hasken, ko ka yi amfani da cikakkiyar dokar Einstein, lissafin ba zai taɓa haɗuwa ba.

Mafita biyu ce. Ko dai a samu na uku mai nauyi a wurin wanda zai ɗauki bambancin yawan motsi, ko kuma foton ya ƙi ɓacewa, ya bugi elektiron ya kauce da ragowar makamashinsa. Ta farko ita ce fitar elektiron daga ƙarfe da aikin faifan sola. Ta biyu ita ce abin da masanin fizik Arthur Compton ya gano, wanda za mu gani a mataki na shida. Duk tambayar da za a yi maka a wannan babi, fara da tantance wacce ce cikin biyun.

Mataki na biyar: in akwai na uku a wurin

Heinrich Hertz ya lura a 1887 cewa hasken da ya wuce shuɗi yana sauƙaƙa tartsatsin wuta tsakanin ƙarafa biyu. Philipp Lenard ya nuna a 1902 cewa ƙara ƙarfin fitila yana ƙara yawan elektiron da ke fita, amma ba ya ƙara musu gudu. Einstein ya bayyana dalili a 1905, Robert Millikan ya tabbatar da awo a 1916, kuma a kan wannan aiki ne aka ba Einstein kyautar Nobel ta 1921.

Tsarin lissafin gajere ne. Kowane ƙarfe yana da kuɗin fita, W, wato mafi ƙarancin makamashin da zai ciro elektiron daga jikinsa. Lissafa E na foton. In E bai kai W ba, ka tsaya, babu abin da zai fita. In ya kai, makamashin gudu mafi girma shi ne E − W.

Sodiyom yana da W na wajen 2,3 eV. Haska masa haske mai 400 nm: E = 1240 ÷ 400 = 3,1 eV. Saura 0,8 eV. Volt 0,8 ne zai tsayar da elektiron mafi gudu, kuma gudun nasa wajen 5,3 × 10⁵ m/s ne. Yanzu buɗe aljihu na biyu, wanda littattafai da yawa ke tsallakewa. Yawan motsin elektiron ɗin mv = 4,8 × 10⁻²⁵. Na foton kuwa h/λ = 1,66 × 10⁻²⁷. Elektiron ya fita da kusan ninki 290 na abin da foton ya kawo. Daga ina saura ya fito? Daga jikin ƙarfen. Elektiron ya doki jerin zarrar ƙarfen ya yi gaba, ƙarfen ya ja baya da daidai wannan yawan motsi, kamar yadda yaro ke dukan ƙasa da ƙafa in zai yi tsalle. Tunda ƙarfen ya fi elektiron nauyi nesa ba kusa ba, makamashin da ya tafi da shi, p²/2M, inda M yake nauyin ƙarfen, bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ba a sa shi cikin E − W. Wannan ne kuma ya sa elektiron ke fitowa ta fuskar da haske ya shigo, wato yana komowa wajen fitilar, abin da ba zai yiwu ba da tunkuɗar foton kaɗai ke aiki.

Wani yaro ya taɓa tambayata ko ranar Maradi tana fizge elektiron daga kwanon rufin ɗakinsu, tunda zinki aka shafa masa. Zinki yana da W na wajen 4,3 eV. Raba 1240 da 4,3, ka samu 288 nm. Sai hasken da zangonsa ya gaza haka ne zai iya, shi kuwa iskar ozon da ke can sama tana shanye kusan dukkansa kafin ya iso ƙasa. Kwanon yana zafi har ya ƙona tafin hannu, amma elektiron ɗinsa suna nan. Tocilar masu canji ma, da 3,4 eV ɗinta, ba ta kai ba.

In kana son gwaji na biyu, je wurin masu gyaran rediyo da waya ka sayi 'yan ƙwayayen LED, ja da kore, ka ari multimita. Haɗa ƙafafun koren LED da multimita a ma'aunin volt, ba tare da batir ba. Haska masa ja: allon ba zai motsa a zo a gani ba. Haska masa shuɗi: lamba za ta tashi. Jan LED kuwa yana amsa wa koren haske. Ƙaramin faifan sola ke nan a tafin hannunka.

Mataki na shida: karon Compton

Yanzu mafita ta biyu, wadda a ganina ita ce mafi kyawun hujja a babin nan. A 1923, Arthur Compton, a Jami'ar Washington da ke Sen Luwis a Amurka, ya wallafa sakamakon gwajinsa. Ya harba hasken X mai tsawon zango 71 pikomita, wanda ke fitowa daga ƙarfen molibdenom, a kan girafit, wato irin baƙin da ke cikin fensir, wanda sinadarinsa ɗaya da na gawayi. Ya auna hasken da ya watsu ta kusurwoyi daban-daban, ya tarar zangonsa ya ƙara tsawo, kuma ƙarin yana girma yayin da kusurwar ke girma. Tsohon nazarin da ke ɗaukar haske a matsayin igiya kawai ya ce zangon bai kamata ya sauya ba. Compton ya ɗauki foton kamar dutsen da ya bugi wani dutse, lissafi ya fito daidai da awo. Peter Debye ya kai ga lissafi iri ɗaya a shekarar, shi kaɗai. An ba Compton Nobel a 1927.

Me ya sa a nan ake ɗaukar elektiron kamar ba a ɗaure yake ba? Foton mai 71 pm yana da fiye da eV dubu 17, abin da ke riƙe elektiron na waje a zarrar gawayi kuwa bai wuce eV goma da ɗoriya ba. Ɗaurin bai kai a lissafa shi ba.

Ga yadda ake fitar da dokar, kuma ba ta fi ƙarfinka ba. Zana kibiyoyi uku: p na foton mai shigowa, p′ na foton mai fita a kusurwa θ, da pₑ na elektiron. Tunda p = p′ + pₑ a matsayin kibiyoyi, ukun sun rufe alwatika. Dokar Al-Kashi, masanin lissafin nan da ya yi aiki a Samarƙand ya rasu a 1429, ta ba ka:

pₑ² = p² + p′² − 2pp′ cos θ

Aljihun makamashi ya ce pc + mc² = p′c + Eₑ, kuma Eₑ² = (pₑc)² + (mc²)². Ware Eₑ a gefe guda, ninka kowane ɓangare da kansa, cire (mc²)², raba da c². Za ka samu pₑ² = (p − p′)² + 2(p − p′)mc. Daidaita wannan da na Al-Kashi, p² da p′² su kashe juna, saura (p − p′)mc = pp′(1 − cos θ). Raba da pp′mc, ninka da h, ka tuna h/p shi ne λ:

λ′ − λ = (h/mc)(1 − cos θ)

Lambar h/mc ita ce 2,43 pm. Dubi abin da dokar ke faɗa: ƙarin zangon bai damu da irin hasken da ya shigo ba, kusurwa kaɗai ya sani. A sifili babu ƙari. A digiri 90 ƙarin 2,43 pm ne. A digiri 180, inda foton ya yi karo gaba da gaba ya koma baya, ƙarin ya kai iyakarsa, 4,85 pm.

Mu bi misalin Compton a digiri 90 har ƙarshe. λ = 71,00 pm, λ′ = 73,43 pm. Makamashin shiga, 1240 ÷ 0,07100 = 17 465 eV. Na fita, in ba a yanke lambar ba, 1240 ÷ 0,073426, wajen 16 888 eV. Elektiron ya tafi da bambancin, kusan 577 eV. Wannan aljihun farko.

Na biyu. p = 6,626 × 10⁻³⁴ ÷ 71,00 × 10⁻¹² = 9,33 × 10⁻²⁴. p′ = 9,02 × 10⁻²⁴. Ka ce foton ya taho daga yamma yana nufin gabas, ya kauce ya yi arewa. Yanzu ba shi da komai ta gabas, don haka elektiron ya ɗauki dukkan 9,33 ta gabas. Da farko babu motsi ta arewa ko kudu, saboda haka 9,02 da foton ya tafi da shi arewa dole elektiron ya biya shi ta kudu. Haɗa su da dokar Pitagoras: √(9,33² + 9,02²) = 12,98, wato 1,30 × 10⁻²³ kg·m/s, a kusurwar digiri 44 daga gabas zuwa kudu. Lura da wani abu da ke ba yara mamaki: elektiron ya samu yawan motsi fiye da wanda foton ya zo da shi, alhali makamashin da ya karɓa bai wuce kashi 3 cikin 100 da ɗan ɗoriya ba. Babu saɓani, domin kibiyoyi ba a tara su kamar kuɗi.

Sai gwajin gaskiya, wanda nake so ya zame maka ɗabi'a. Lissafa makamashin elektiron daga yawan motsinsa: pₑ²/2m = 9,25 × 10⁻¹⁷ J. Raba da 1,602 × 10⁻¹⁹, ka samu 577 eV. Aljihu biyu sun haɗu a lamba ɗaya. In naka bai haɗu ba, akwai kuskure a wani wuri, ka koma ka nemo shi kafin mai gyaran takarda ya nemo maka.

Abu biyu a taƙaice. Compton ya kuma ga wani kaso na hasken da zangonsa bai sauya ba. Wannan ya bugi elektiron na can ciki ne wanda ke ɗaure tamau, sai zarrar gaba ɗaya ta ja baya, ita kuwa ta gawayi ta fi elektiron nauyi kusan sau dubu 22, sai ƙarin ya zama ba a iya ganinsa. Sannan hasken da ido ke gani ma yana yin wannan karo, sai dai 4,85 pm a kan 532 nm bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari ba. Shi ya sa sai da hasken X aka gane shi.

Inda ake yawan zamewa

Na gyara takardu da yawa, kurakuran kusan iri ɗaya ne. Wani ya manta nanomita 10⁻⁹ ce, pikomita 10⁻¹². Wani kalkuletarsa ko ta wayarsa tana kan radiyan, sai cos 90 ya ba shi −0,448 maimakon sifili. Kafin ka fara, danna cos 60, in ba 0,5 ya fito ba ka gyara saitin. Wani kuma ya yanke lambobi da wuri, ya mai da 73,43 ta zama 73, sai 577 ta koma ƙasa da 480, domin ƙaramin bambanci ake nema tsakanin manyan lambobi biyu.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne amfani da ½mv² inda ba wurinsa ba. Ɗauki hasken gama na siziyom-137, mai 662 keV, ya koma baya a digiri 180. Dokar Compton in an rubuta ta da makamashi tana cewa E′ = E ÷ [1 + (E/mc²)(1 − cos θ)], wato 662 ÷ 3,59 = 184 keV. Elektiron ya kwashe 478 keV, fiye da kashi 70 cikin 100. Sa wannan cikin ½mv², za ka samu 4,1 × 10⁸ m/s, gudun da ya wuce na haske, wanda ba ya yiwuwa. Amsar gaskiya, da cikakkiyar dokar Einstein, wajen kashi 86 cikin 100 na gudun haske ce. Ka riƙa gwada makamashin elektiron da 511 keV: in ɗan ƙaramin kaso ne nasa, kamar 577 eV, tsohuwar doka ta isa. In ya fara kusantarsa, ka bar ta.

Inda za ka gamu da shi a gari

Duk wanda ya raka marar lafiya ɗaukar hoton ƙirji ya ga ma'aikacin yana komawa bayan shinge, ko yana sanye da riga mai dalma, ko da yake na'urar ba shi ta fuskanta ba. Karon Compton ne dalili. Jikin marar lafiyar yana watsa wani kaso na hasken X ta gefe da ta baya, kuma mun ga a lissafi cewa foton mai fita bai rasa makamashi mai yawa ba. In an ce ka fita daga ɗakin, ka fita. Mace mai ciki kuma ta faɗa tun kafin a fara.

Na biyu yana kan rufin gidaje da shagunan cajin waya da rijiyoyin lambu. Faifan sola na silikon yana buƙatar foton mai aƙalla 1,12 eV, wato zango ƙasa da wajen 1100 nm, kafin elektiron ya tsallaka zuwa matakin da zai iya yawo. Amma a silikon tsallakar tana buƙatar sauyin yawan motsi mai girma, wanda foton ba shi da shi, kamar yadda muka gani a lissafin sodiyom. Dole girgizar jerin zarra ta kawo ɗauki a daidai lokacin. Haɗuwar uku ta fi ta biyu wuya, don haka haske yana yin tafiya mai ɗan nisa cikin silikon kafin a shanye shi, kuma shi ya sa ake yanka faifan da kaurin mikromita ɗari da wani abu, alhali wasu sinadaran da ba su da wannan matsala mikromita kaɗan ya ishe su. Dalili ɗaya ne ya sa ba a yin ƙwan LED da silikon. Duk sanda na zo nan a darasi nakan tuna wa yara Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Ɗan jiharmu ne, kuma a kan hasken ranar nan ya ƙarar da rayuwarsa ta aiki.

Ga aikin da za ka yi yau da dare. Ɗauki hasken Compton na 71,00 pm, ka maimaita lissafin a digiri 60 da digiri 180, aljihu biyun duka, da zanen kibiyoyi. A digiri 60 ya kamata ka samu λ′ = 72,21 pm da makamashin elektiron wajen 293 eV. A digiri 180 kibiyoyin suna kan layi ɗaya, pₑ = p + p′ = 1,81 × 10⁻²³ kg·m/s, λ′ = 75,85 pm, kuma ta hanyoyi biyun ya kamata ka sauka kusa da 1117 eV.